Asabar: ranar kebul ɗin giya

Yau aikin kebul ɗin giya na sa a gaba, tun hantsi har yamma. Injin motar da nake haɗawa a tsakiya yake, bayan kujeru, giyabos kuwa G50 ne na Porsche, ƙirar kamfanin Getrag, wanda aka fara sa wa motarsu 911 a 1987. Irin wanda giya da abin raba juyi ga tayoyin baya suke cikin gida ɗaya ne. A 911 inji yana can ƙarshen baya, hancin giyabos yana kallon gaba, shi ya sa sanda ɗaya miƙaƙƙiya ta wadatar tsakanin hannun direba da giya. A tawa an juya shi an kuma kife shi, in ba haka ba giya biyar ɗin duk baya za su riƙa ja. Hancinsa ya koma yana kallon bayan mota, sanda ba ta da hanyar bi. Dole sai kebul, ya ratsa gefen inji, ya wuce aksul, ya yi kwana ya dawo.

Ƙarfen da ya fito daga hancin giyabos motsi biyu yake yi. Yana murɗawa, wannan ne zaɓen layi: na ribas, na lamba ɗaya da biyu, na uku da huɗu, ko na biyar. Yana kuma shiga da fita, wannan ne sa giyar. Saboda haka kebul biyu ne, kowanne da aikinsa.

Shimfiɗa su ya ci mini lokaci, kuma ya cancanta. Wayar ciki tana da ɗan sarari a cikin rigarta, duk kwanar da aka ƙara sai wasa ya ƙaru a liba, wato sandar da direba ke sa giya da ita. Na bar kwana ɗaya mai faɗi a baya, sauran na miƙar da su iyakar iyawa. Inda suka matso salansa na sa musu rigar kare zafi, domin robar da ke ciki in ta narke, kebul ya tashi aiki.

Saitin kansa ga yadda na bi da shi. Na sa lamba uku da hannu a jikin giyabos, na jawo ƙarfen ya dawo firi ba tare da na bari ya murɗa ba. Ƙanena yana zaune a kujerar direba, na ce ya tsayar da liba cak a tsakiya, inda sifirin yake mayar da ita. Daga nan na dinga juya kan kebul a kan haƙoransa irin na noti, rabin zagaye, rabin zagaye, har ramin kan ya yi daidai da ramin hannun giya, wato hannun da ke jikin ƙarfen giyabos, ƙusa ta zurma da yatsa biyu kamar zare a allura. Na riƙe wannan ƙa'ida da gaske: giyabos ke faɗin inda firi yake, kebul ne zai bi shi. In ka ja hannun giya don ƙusa ta shiga, ka ɗora wa cokalin giya, wanda ke tura giya a cikin giyabos, nauyi ke nan ko mota tana firi, zoben da ke daidaita juyi ya yi ta gogawa yana cinyewa a banza.

Muka fara gwaji. Ɗaya, uku, biyar, duk lafiya lau. Sai ya ce, "Yaya, biyu fa tana shiga, amma ba na jin ta zauna." Na manna tef a jikin ƙarfen na auna tafiyarsa: gefe ɗaya cikakkiya, ɗaya gefen da saura. Na ce ya sake ja, na ɗora yatsa a kan maƙalar da ke riƙe rigar kebul. Sai na ji ta ranƙwafa a ƙarƙashin yatsana kafin ƙarfen giya ya ko motsa. Farantin maƙalar, wanda ya zo tare da kebul ɗin, siriri ne, milimita 3 kacal, ga tsawo. Wani kaso na ƙarfin hannu a lanƙwasa shi yake ƙarewa. Abin ya ɓata mini rai, don giyar da ba ta zauna sosai ba ita ce ke fita da kanta in an ɗaga ƙafa daga totur, haƙoranta kuma su dakushe.

Na cire maƙalar, na yi mata walda da ƙarfe mai kusurwa uku a bayanta, na mayar da ita a jikin giyabos ɗin kansa. A nan ya kamata ta zauna: inji yana jijjiga a kan robobinsa, in maƙala tana jikin firam, kowace jijjiga sai ta ja kebul. Da na sake saiti daga firi, tef ya nuna tafiya daidai gaba da baya. Ƙanena ya ja biyu, na ji ƙas daga inda nake kwance.

Na duba kowane kan kebul ya ci haƙora aƙalla kaurin ƙusar sau ɗaya da rabi, na ɗaure notocin kulle, na ɗiga musu fenti don in gane in sun kwance. Ribas tana shiga, sai dai sauƙinta ya yi yawa, hannu zai iya faɗawa can wajen neman lamba ɗaya. Gobe zan ƙera mata makari a gindin liba, sannan mu ɗaga tayoyin baya a jak, mu tada inji, mu gwada da kuloci.