Fadawan dutse a kaburburan sarakunan Koriya

Ranar Lahadi bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar shagon wani abokina a Agege, sai ya miƙo mini wayarsa domin in ga hotunan da ƙaninsa mai karatu a Koriya ta Kudu ya aiko masa. Tudu ne zagayayye lulluɓe da ciyawa, a gabansa kuma ga mutum-mutumi na dutse a tsaitsaye, wani riƙe da allo, wani dogare da takobi. Wani dattijo da ke wurin ya duba ya ce ai wannan fada ce, ga malaman sarki ga dogarai, kuma a ganina ya faɗi daidai.

Hotunan na kaburburan sarakunan daular Joseon ne, wadda ta yi mulkin Koriya daga 1392 zuwa 1910, ta bar kaburbura 42 na sarakuna da matansu. Guda 40 da ke Koriya ta Kudu sun shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2009, sauran biyun suna yankin Kaesong a Koriya ta Arewa. Mafi yawansu an gina su kusa da babban birnin, domin sarki mai ci ya samu sauƙin ziyartar iyaye da kakanni.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka ajiye kowa a matsayinsa. A mataki na sama akwai tudun kabarin, kewaye da damisoshi da tumaki na dutse waɗanda suka juya masa baya suna fuskantar waje, tamkar masu gadi. A mataki na tsakiya ake tsayar da jami'in farar hula, wanda suke kira muninseok, sai a mataki na ƙasa jarumin yaƙi, wato muinseok, kowannensu da dokinsa. Ke nan ma'abucin alƙalami ya fi ma'abucin takobi kusanci da sarki, kamar yadda koyarwar Konfushiyas, masanin falsafa na ƙasar Sin, da daular ta bi ta tanada. Duk wanda ya taɓa zama a fadar Kano ko ta Zazzau ya san cewa mazaunin mutum a gaban sarki shi ke bayyana darajarsa.

Sarakunan ma ba ra'ayinsu ɗaya ba. Sejo, wanda ya rasu a 1468, ya yi wasiyya kada a gina masa ɗakin dutse a ƙarƙashin ƙasa, don a rage wa talakawa wahalar aiki. A Hongneung kuwa, inda aka binne Gojong da ya rasu a 1919 bayan ya ɗauki laƙabin sarkin sarakuna, an sauko da sassaƙe-sassaƙen daga kan tudu zuwa bakin hanya, har da giwaye da raƙuma da zakuna.

Mu da muka saba da kabari marar ado, wanda ake sa wa alama da itace ko fasasshiyar tukunya, wannan al'ada baƙuwa ce a gare mu, kuma dattijon nan bai ɓoye rashin jin daɗinsa da gumakan ba. Amma da aka zo kan kabarin Taejo, wanda ya kafa daular ya rasu a 1408, sai ya yi shiru. Tudunsa da ke Donggureung a garin Guri an lulluɓe shi da doguwar ciyawar da aka kawo daga Hamheung, yankinsu na asali, ana yanke ta sau ɗaya a shekara. Dattijon, wanda ya shekara fiye da talatin a Legas, ya riƙe wayar ya daɗe yana kallon hoton kafin ya mayar.