Apapa a tsakar gidanmu

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau na je wuni gida, Ƙofar Marusa. Na yi sammako don in riga rana, amma tun ƙarfe tara zafin bazara ya sauko, har ƙarfen keken da na hau ba ya taɓuwa. Na tarar da Umma tana tankaɗe a bakin madafi, Baba kuwa yana kan tabarmarsa a gindin dogonyaro, waya a tafin hannunsa. Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, “Yaron nan ya kira ki?”

Auta yake nufi. Yau kwanansa 11 da barin Katsina, kuma wannan ne zuwansa Legas na farko. Yaron mota ne a wata tirela DAF, sun ɗauki kwantenar zoɓo da za a fitar waje. Maigidansa ya ce Meziko za a kai. Zoɓon da muke jiƙawa mu sa citta da kanumfari mu ƙulla a leda, shi ne zai hau teku. Tun ranar da suka tashi Baba yake bin su da baki: yanzu sun wuce Funtuwa, yau a Mokwa za su kwana, gobe war haka sun haye gadar Jabba, in Allah ya kai su Ogere su tsaya su duba taya. Idonsa ya yi rauni tun da yanar ido ta kama shi, amma hanyar nan tana cikin kansa tiryan-tiryan.

Shekara 31 ya yi yana bin ta. Ya fara yaron mota a 1975, yana ɗan shekara 17, kuma har gobe bai yarda ya ce Legas ba, Ikko yake cewa. Mu da muka taso a gidan nan mun san sunan Apapa, unguwar tashar jiragen ruwa ta Legas, kafin mu san sunan wasu unguwannin Katsina. In an ce Baba yana Apapa, to a rage cefane, ba a san ranar dawowa ba. In an ce ya fito daga Apapa, Umma za ta sa a wanke masa ɗaki. Ban taɓa ganin teku ba, amma kuɗin makarantata daga bakinsa ya fito.

Wajen sha ɗaya da rabi kiran ya shigo, na bidiyo, a wayata. Abin da na fara gani ruwa ne yana zuba a gilashin mota. Mu nan ko gajimare babu, su can damina ta kankama. Auta ya rame, ya yi duhu, idonsa ja. Ya ce kwanansu uku a garejin jira a Ijora, sai da asubar yau aka ba su izinin tasowa, yanzu suna kan layi, motar tana tafiyar hawainiya. Ya yi wa Baba bayanin cewa yanzu ba a shiga tasha kai tsaye, tun 2021 sai an yi wa mota rajista a wata manhaja da ake kira Eto, a ba ta rana, sannan ta baro gareji. Maigidansa ya ce da Yarbanci kalmar tana nufin tsari. Baba ya gyaɗa kai ya ce, “Mu a zamaninmu tsarin shi ne wanda ya riga sa kan mota.”

Sai ya ce in karanta masa abin da nake gani. Na ce ga wata doguwar gada, motoci a jere a gefenta, tankoki da tireloli. Ya ce, “Gadar Ijora ce. In sun gangara, Marine Beach ke nan.” Kafin in ankara ya jawo sandarsa, ya share ƙasar da ke gaban tabarma da tafin hannu, ya ja dogon layi. Wannan titin Wharf, shi ne ke kai ka har ƙofar tasha. Ya ja wani ya karkata shi: wannan titin Creek, ka bi shi ka ɓulla shataletalen Liverpool, daga nan ka haye zuwa Tin Can, ka kama babban titin da ke wucewa Mile 2 har Oshodi. Ya ɗiga sanda sau huɗu a jere kusa da layin farko ya ce rumbunan alkamar kamfanin fulawa ne, masu Golden Penny. Auta ya juya wayar, sai ga su kuwa, dogaye, zagayayyu, sun tokare sama, ruwa ya bar musu zane-zane baƙi a jiki. Umma ta ajiye rariya ta zo ta leƙa. Fulawar da take tankaɗewa ta cincin ce, ga buhunta jingine da bango da sunan a jiki. Ta dubi buhun, ta dubi waya, ta ce, “Ikon Allah.”

Na ga abin da labarin Baba bai taɓa nuna mini ba, wato launin wurin. Komai ya yi tsatsa. Ƙofofin manyan ɗakunan ajiya, rufin kwano, har allunan da aka rubuta sunayen kamfanoni. Ƙasan kowane bango kore ne shar da gansakuka. Baba ya ce iskar gishiri ce, tana cin ƙarfe yadda gara ke cin azara. Kwantenoni kuwa an jibge su bisa juna, huɗu, biyar, ja da shuɗi da ruwan toka, sun fi benayen Katsina da yawa tsawo. Can bayansu ga ƙugiyoyin ɗaga kaya sun miƙa wuya kamar raƙuman dawa. A gefen titi wani mai shayi ya kafa teburinsa ƙarƙashin tamfol, da tulin burodi da gwangwanayen madara, ana ganinsa an ga ɗan Arewa. Kusa da shi mutum biyu suna alwala da buta a kan dakalin kwata, suna ɗage ƙafar wando saboda ruwa. Wani direba ya ɗaura igiya daga madubin motarsa zuwa na motar baya ya shanya riga, duk da ruwan da ake yi. Mutanen nan a titi suke zaune, nan ne ɗakinsu, nan ne masallacinsu.

Auta ya rage murya ya ce daga gareji zuwa inda suke an tare su sau biyar, kowane wuri sai an miƙa wani abu, wasu da kaki wasu da sanda kawai, ba rasit. Kuɗin abincinsu ya tafi a nan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaron da ya kwana uku a ƙarƙashin mota sauro na cinsa, shi za a tatsa. Baba bai ce komai ba, sai ya ce in tura masa dubu biyar daga kuɗin da ke wurina.

Da layi ya tsaya cak, Baba ya shiga labarin siminti. Na sha jinsa, amma yau da hoton wurin a gabana ya zauna mini daban. Shekarar da ya fara zuwa, ƙarshen mulkin Gowon, gwamnati ta yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali tashar ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage sama da 400 suka taru a bakin teku suna jiran layi, wasu wata da watanni, ana biyan su kuɗin jinkiri kullum, simintin wasu har ya daskare a cikinsu. Ya ce maigidansa ya kai shi bakin ruwa da dare, ya ga fitilu iya ganinsa, ya ɗauka wani gari ne a tsallake, ashe jirage ne. Wannan cunkoso ne ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977, kuma Baba yana cikin waɗanda suka yi lodi a cikinta tana sabuwa fil. Ita kuwa tsohuwar tashar Apapa, tun shekarun 1920 Turawa suka gina ta, jirgin ƙasa yana shiga har cikinta. Gyaɗar dalar Kano da audugar Funtuwa ta nan suka bi suka fita. Ya ce a unguwar akwai wani titi da ake kira Burma, duk sanda ya bi ta kansa sai ya tuna wani kawunsa da ya je yaƙin Bama, wato Burma, ya dawo da tari.

Daga nan ne muryarsa ta canza. Ya sa kan sanda a tsakiyar layin titin Creek ya danna har ya yi rami. Ya ce, “Auta, ka nemi izinin maigidanka ka sauka. Akwai inda zan aike ka.”

Wannan labarin ban taɓa ji ba. Umma ma ta ce rabinsa ta sani. A daminar 1984, yana sabon direba, zazzaɓi ya kayar da shi a Apapa. Yaron motarsa ya gudu da kuɗin hanya. A bakin wani tsohon ɗakin ajiya mai baranda, inda direbobi ke salla, akwai wata Bayarabiya mai sayar da shinkafa da wake, kowa Iya yake ce mata. Ita ta gan shi kwance yana rawar sanyi, ta sa ɗanta ya jawo shi cikin baranda, ta sayo magani, ta dinga dama masa koko. Kwana tara. Ba ta jin Hausa sai “sannu”, shi kuma Yarbancinsa bai wuce na ciniki ba. Da ya miƙe ya samu lodi, ya ce zai biya ta in ya dawo. Da ya dawo ya miƙa mata kuɗi, ta tura hannunsa, ta nuna sama. Ya sake gwadawa a wata tafiyar, ta yi fushi. Daga baya aka mayar da shi layin Fatakwal, shekaru suka ja, da ya komo Apapa bai same ta a wurin ba, shi kuma bai tsananta nema ba.

“Wannan rashin neman shi ke damuna,” in ji shi. “Lokacin ina da ido, ina da ƙafa.”

Auta ya sauka, ya rufa leda a ka. Na riƙe waya, Baba na ba da hanya daga tabarma, ni ina faɗa masa abin da ke gaba. Ka bar ƙofar tasha a bayanka. Ka miƙe. Za ka ga gini mai hawa biyu da tagogin katako. Na ce babu, sai wani banki mai gilashi. Ya yi shiru, ya ce to a wuce. Za ka ga famfo a bakin hanya. Babu famfo. Hoton yana rawa, ina jin numfashin Auta da ƙarar hon da ihun 'yan acaɓa, ruwa ya kai masa idon sawu. Sau biyu kiran yana yankewa. Na fara tunanin in ce a haƙura, don na ga hannun Baba yana karkarwa a kan sanda.

Sai Auta ya ce, “Yaya, ga wata baranda.”

Ginshiƙai huɗu ne na siminti, an toshe tsakaninsu da bulo, an ɗora waya mai ƙaya a sama. Ta bayan katangar kwantenoni ne. Amma a jikin ginshiƙi na ƙarshe akwai zoben ƙarfe, ya ci tsatsa, an dasa shi a siminti daidai gwiwa. Da na faɗa, Baba ya ce, “Nan ne. A nan take ɗaure lemarta.” Ya sa gefen rawaninsa ya goge fuska. Umma ta koma madafi ba ta ce uffan ba.

Akwai wani dattijo maigadi a ƙofar wurin, mutumin Damagaram, ya ce shekararsa 26 a nan. Auta ya miƙa masa wayar. Suka gaisa da Baba kamar sun san juna, aka tambayi iyali, aka tambayi damina, ya ce ya san Katsina, ta Kongolam yake wucewa in zai je gida, ya kwana a Daura. Da aka zo kan Iya ya ce ya tarar da ita tana tsohuwa, ta koma sayarwa can gaba kusa da inda kwale-kwale ke tsayawa a Liverpool, kuma ta rasu da daɗewa. Amma yana jin 'yarta tana da rumfar abinci a kasuwar Boundary, a Ajegunle, tsallaken ruwa kaɗan. Bai san sunanta ba, sai dai ya ce akwai wani tsohon ɗan dako da zai sani, yana zuwa ranar Litinin.

Baba ya yi salati, ya yi wa Iya addu'a doguwa, muka shafa. Ana cikin haka maigidan Auta ya kira shi a ɗaya wayar, layi ya motsa. Ya ruga da gudu, hoton ya koma sama da ƙasa, kiran ya yanke.

Sauran wunin ya wuce kamar kullum. Mun soya cincin, na yi wa Umma kitso, yaran maƙwabta suka shigo karatun allo. Baba bai ci tuwon kirki ba. Bayan la'asar ya kira ni ɗakinsa, ya ɗaga katifa ya ciro wata tsohuwar jakar fata ta lasin, ya ƙirgo dubu ashirin cikin kuɗin da yayyena ke aiko masa na magani. Na ce Baba, a bari mu haɗa mu 'ya'yanka. Ya ce a'a, ba ku kuka sha kokon ba. Ya ce in riƙe, ranar da Auta ya samu matar in tura, kuma a gaya mata daga direban Katsina ne da uwarta ta yi jinya shekarar Buhari na soja.

Da magariba saƙon Auta ya shigo: sun shiga tasha, an sauke kwantenar, gobe za su nemi lodin dawowa. Maigidansa ya ce in ba su samu ba kafin Litinin, zai bar shi ya je Boundary.

Da zan fito na ga Umma ta kife babban kwando a kan zanen Baba don kada kaji su tone shi. Na ɗaga na ɗauki hotonsa da fitilar waya, layin Wharf, layin Creek, ɗigo huɗu na rumbuna da ramin da sanda ta yi, na tura wa Auta. Kuɗin suna cikin jakata, na naɗe su a takarda daban.