Sifilin da ya sa a tambaya ta tara

Na daɗe ina bincike kan shaye-shaye da haɗarin kashe kai, ina kuma ganin marasa lafiya a matsayina na masaniyar halayyar ɗan Adam, amma har yau in na kwanta abu ɗaya ne ke dawo min, wani saurayi da na sallama don kawai ya sa sifili a takarda.

Fom ɗin PHQ-9 ne, mai tambayoyi tara da ake auna ciwon damuwa da shi, 'yan aiki sun san shi, tambayar ƙarshe ita ce ko cikin sati biyu mutum ya ji gara ma ya mutu. Ya sa sifili, wato ko sau ɗaya bai ji haka ba. Ga shi kwana 12 rabonsa da tramadol, ni kuwa murna ta rufe min ido na rubuta yana samun sauƙi, na ce sai wata mai zuwa. Na ga yadda yake ta murza murfin biro kansa a ƙasa, ya ce min barci ya ƙaurace masa, duk na ɗora wa barin ƙwaya. Ban buɗe baki na tambaye shi ba. Sati bai zagayo ba aka kira ni wai yana asibiti, Allah dai ya sa da sauran kwana.

Da ya farfaɗo na ce me ya sa ka ɓoye min, ya ce likita ai takarda ce ta tambaye ni, ke ba ki tambaya ba.

Abin da ke ci min rai shi ne na sani fa, wallahi har koyar da shi nake. Makonnin farko bayan mutum ya daina suna da haɗari, abin da ke danne damuwar ya tafi ita kuma tana nan daram, jiki kuma ya rage jurewa ta yadda adadin da ya saba sha a da zai iya halaka shi. Na san tambayar mutum kai tsaye ba ta cusa masa tunanin, na haddace alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, amma guda ɗaya da ke zaune gabana maki na duba.

Yanzu ko sifili nawa aka sa sai na ajiye fom na kalli mutum na tambaya da bakina, sannan in ƙara, to in kana cikin maye fa, ko da dare in kai kaɗai ne? A nan amsa ke canzawa. Kuma ba ya fita sai mun rubuta wa zai kira in abin ya taso, da wanda zai riƙe masa magungunan da ke ɗakinsa. Wanda ya daina sha kuwa cikin satin nake sake ganinsa, ban ƙara cewa kowa sai wata mai zuwa ba.