Na je Maraɗi alƙalanci, sirinji ya ba ni kunya

Shekaranjiya na dawo daga Maraɗi, har yanzu ƙurar hanya ba ta gama barin maƙogwarona ba. Wani tsohon abokina, malami a wata makarantar koyon sana'a a can, shi ya dame ni da waya: wai ɗalibansa za su yi 'yar gasa ta injinan da ke aiki da ƙarfin ruwa da na iska, suna neman bakanike a cikin alƙalai. Ni kuwa sama da shekara ashirin ina kwance ƙarƙashin tifa a Kano, gyaran silinda da famfon mai ne abincina. Na amsa, amma a raina wasan yara zan je kallo.

Kano zuwa Katsina babu labari. Bayan Jibiya ne, a wani shinge, wani mai kaki ya zazzage jakata ya ci karo da agogon auna matsin mai da na ɗauko don in nuna wa yaran. Ya juya shi sama da ƙasa. "Wannan fa?" Na fara bayani, ya katse ni: "Kai, ban ce ka yi min lacca ba." Ya shanya ni a rana, direba na ta huci, daga baya ya wurgo min abina a ƙasa, gilashin ya tsage. Na haɗiye, don baƙo ba ya faɗa a bakin iyaka.

A tasha na tare ɗan kabu-kabu, ya ce ɗari. Na miƙa masa sefa 100, ya kwashe da dariya: "Baba, daga Najeriya kake hala?" Ashe da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5, don haka ɗari tana nufin 500, jika kuma 1,000. Har na baro garin sai na ƙirga da yatsa kafin in biya komai. Gidan abokina kuwa an karɓe ni kamar ɗan gida. Mahaifiyarsa ta aiko da dambu da zogale da kwanon fura, tana ta "ina tahiya, ina gajiya". Hausarsu sak ta tsofaffin Katsinawa, ba mamaki tunda sarakunan Katsina da jihadi ya kora nan suka kafa gari.

Gasar a ƙarƙashin rumfar kwano aka yi ta. Kowane rukuni yara huɗu, an ba su katako, gam, sirinji da robar ƙarin ruwa irin ta asibiti. Aikin shi ne su ƙera hannu da zai ɗauki gwangwanin tumatir cike da yashi ya ɗora kan akwati, a ga sau nawa zai yi cikin minti biyu. Sun rina ruwan ja kamar zoɓo don a ga tafiyarsa a cikin roba. Abokina, wanda yaran ke kira Mushe, wato malam da Faransanci, ya ce daga Amurka ya ari dabarar. Ƙungiyar kamfanonin wannan fanni, NFPA, tana shirya wa 'yan makaranta irinta da sirinji da katako, kamfanoni su ɗauki nauyi, su turo ma'aikatansu alƙalanci. 'Yan jami'a kuma keke suke ƙerawa wanda ƙarfin ƙafa ke bi ta cikin mai kafin ya kai taya.

Na tsaya gaban wata yarinya, na ce bari in tsorata ta. "Ke 'yata, me ya sa kika sa babban sirinji a wajen ɗaga kaya, ƙarami a hannunki?" Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, in faɗin bakin babban ya ninka na ƙaramin sau biyu, filin da ruwa ke turawa ya zama ninki huɗu, ƙarfi ma huɗu. Amma tafiyar da zai yi kashi ɗaya ce cikin huɗu. Ba a samun ƙarfi kyauta." Ta ƙara da cewa dokar Pascal ke nan, Bafaranshen nan na ƙarni na 17. Na yi shiru. Akwai yaron da ya shekara bakwai a garejina, yana kwance silindar tifa ido rufe, amma ka tambaye shi dalilin da ɗan jak ke ɗaga mota sai ya ce ikon Allah. Ni kaina sai da na yi furfura na san cewa tun 1795 Bramah na Ingila ya yi rajistar injin matsa na wannan dabara.

Rukunin da kowa ke ba nasara ne ya sha ƙasa. Hannunsu ya ɗaga gwangwani, ya yi rawa, ya sake shi. Suka sake gwadawa, haka. Wani dattijo mai garejin manyan motoci da ke kusa da ni ya miƙe tsaye ya daka tsawa: "Ku hidda iska!" Ashe wani ɗan kumfa ne da bai kai ƙwayar wake ba ya maƙale a roba. Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana lotsawa kamar katifa, ta shanye turin. Nan take dattijon ya mayar da wurin aji, ya ce abin da ke sa burkin mai ya yi laushi ke nan. Ya bayyana musu cewa burkin iska na tirela yana aiki da matsin da ya kai wajen bar 8 (bar ma'aunin matsi ne), in iska ta zube kuma sifirin ne ke kama tayoyi, alhali katafila tana haura bar 300 da mai. Yara suka yi tsit, wasu na rubutu a tafin hannu.

Abin da ya tsaya min a rai ke nan. Masu gareji uku suka bar aikinsu suka wuni a rumfar. Ɗaya ya kawo jerin sifana kyauta, dattijon ya ce duk mai so ya zo garejinsa lokacin hutu. Mu a gida ɗan makaranta na ganin bakanike ƙazami, bakanike na ganin mai takarda bai iya riƙe sifana ba, kowa ya kama gabansa. Sau nawa na wuce ƙofar makarantar fasaha a Kano ban taɓa leƙawa ba?

Amma hukuncin bai yi min ba. A ɓangaren baje koli sauran alƙalai suka zaɓi wata ƙofa mai buɗewa da famfon keke, don an shafe ta da fenti. Ni na zaɓi yaran da suka ɗora jak na mota a kan ƙarfe suna matse man gyaɗa, tunkuza na fita a bushe. Wannan gobe ma mai ƙuli-ƙuli za ta saya. Aka rinjaye ni.

Washegari na leƙa kasuwa. Tiyon mai da robobin silinda da na tabbata daga Kano aka kawo su, kuɗinsu ya ba ni tsoro, na ajiye. Kilishi kuwa na yi ciniki har mai shi ya ce, "Alhaji, kai ko Bakano ne?" Na sayo na jika uku.

Dawowa lafiya lau, mai kakin nan ba ya wurin. Agogon da ya tsage na bar wa yarinyar, allurarsa na aiki. Jiya na aiki yaron garejina kyamis ya sayo sirinji goma, yana ta tambayata wa za a yi wa allura.