Inda nake kai baƙina idan sun sauka a Yamai

Mu Adarawa ba baƙin hanya ba ne. Je Abijan, je Akara, je Kwatano ko Legas, za ka tarar da ɗan Tawa a bakin kasuwa da tirensa ko buhun albasarsa. Sai dai kowace tafiya tamu da dalilinta: cin rani, fatauci, biki, gaisuwar mutuwa, neman magani. Ka ce wa dattijo a garinmu za ka biya kuɗin mota don kawai ka je ka kalli ruwa ko dutse, sai ya dube ka sama da ƙasa ya tambaye ka ko lafiya. Na san wani ɗan unguwarmu da ya yi shekaru yana talla a Kwatano, bai taɓa zama bakin teku ba. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi wa zai saya masa kaya a can.

Tun da aiki ya zaunar da ni a Yamai, gidana ya koma masaukin dangi. Wannan ya zo yin fasfo, wancan ya kawo ɗa jami'a, waccan likita ya ba ta rana. Kuma duk wanda ya saba karɓar baƙi a wannan gari ya san rabin zaman baƙo jira ne: a dawo jibi, takarda ba ta fito ba, mai sa hannu ya yi tafiya. Wannan jiran nake sacewa. Ba na ce musu mu je yawo, don ba za su je ba. Cewa nake a raka ni nan kusa.

Haka na yi wa Kawu, ƙanen mahaifiyata, lokacin da ya zo aikin ido. Bayan an cire masa bandeji aka ce ya dakata mako guda kafin a sake dubawa, zaman ɗaki ya ishe shi, rediyo ma ya gundure shi. Na ɗauke shi a mota muka shiga gidan tarihi na ƙasa, wanda kowa ke kira Mize. Tun 1959 aka buɗe shi, kafin ma a samu ƴancin kai, daga baya aka sa masa sunan Bubu Hama, marubucin nan da ya shugabanci majalisar dokoki har juyin mulkin 1974. Kawu na ganin yara na guje-guje wajen kejin zaki ya ja tunga.

"Kai, nan ka kawo ni? Wurin wasan yara?"

"Kawu, ka yi haƙuri, gaisawa kawai zan yi da wani maƙeri mu wuce."

Maƙeran suna nan kuwa, ba ƙarya na yi ba. A cikin Mize akwai rumfunan masu sana'ar hannu, maƙeran farfaru masu zuba azurfa, dukawa, masaƙa, kuma a gabanka suke aikin. Amma ba su suka riƙe Kawu ba. Abin da ya tsayar da shi wani busasshen icce ne da aka gina wa rumfa, aka kewaye shi. In ba a gaya maka ba, za ka ɗauka makamashi ne aka manta. Iccen Tenere ke nan, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada, babu wani icce kusa da shi tafiyar ɗaruruwan kilomita, har masu zana taswira suna sa alamarsa. Ayarin gishiri masu zuwa Bilma a gindinsa suke yada zango, kuma ba mai karya reshensa ya hura wutar shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi, aka kwaso gawarsa zuwa Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Kawu ya daɗe yana kallo da sabon idonsa. Ashe mahaifinsa, kakana, ya taɓa bin Buzaye azalai, wato ayarin gishirin, yana saurayi, kuma ya sha ba su labarin iccen nan suna ɗauka ƙarin gishiri ne irin na matafiya. Sai ga shi yana lissafa mini abin da ake ɗauka daga Adar a kai arewa, gero da barkono da tufafi, da abin da ake dawowa da shi, kantun gishiri da dabino. Ni da na kawo shi in nuna masa, na koma mai saurare. A ƙarshe ya girgiza kai ya ce, "Duk faɗin Tenere, direban nan bai samu wurin bi ba sai kan icce ɗaya." Ƙasusuwan dodannin zamanin da da aka tono a yankin Agadas, har da kadan nan na Gadufawa mai tsawon fiye da mita 10, kallo ɗaya ya yi musu ya ce Allah mai iko, ya wuce. Bai yarda da zancen shekara miliyan ba, ni ma ban ja shi da gardama ba.

Mata kuwa kogi nake kai su. Mutumin Tawa ruwan da ya sani na rijiya ne da tafki, don haka ranar farko da Inna ta hau gadar Kennedy ta ga kogin Isa shimfiɗe, salati ta yi ta yi har muka sauka Harobanda, unguwar tsallaken kogi. Gadar nan tun 1970 take, kuma ita kaɗai ce ta riƙe garin shekara arba'in kafin Sinawa su gina ta biyu a 2011, ta uku mai sunan Janar Saini Kunce ta biyo baya a 2021. Wani abin da baƙi ba sa ganewa shi ne kogin sau biyu yake cika. Akwai cikar damina, wajen Agusta da Satumba, ruwan ja wur saboda ƙasar da ƙoramu ke kwasowa, ita ce mai ɓarna, ita ta cinye unguwanni a 2020. Sannan akwai ta lokacin sanyi, ruwan da ya zuba can tsaunukan Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mana wajen Disamba da Janairu. Mamaki ke kama baƙo: ko ɗigon ruwa babu daga sama, hazo ya rufe gari, ga kogi kuma ya batse. A ganina lokacin ne ya fi daɗin shiga jirgi. In Afrilu ya yi, sai ka ga tsibiran yashi da shanu suna ƙetarewa da ƙafa.

In baƙuwar ta dace da Laraba, sai Bubon. Ƙauye ne a bakin kogi, tafiyar da ba ta kai awa ba a hanyar Tilaberi, kuma kasuwarsa ranar take ci. Jirage na zuwa daga tsallake maƙil da mutane da awaki da kabewa, matan garin kuma sun yi suna wajen ginin tukwane da randuna masu zanen fari da ja. Ƙanwata ta sayi randa ba ta jin Zabarmanci, mai randar ba ta jin Hausa sosai, da yatsu da dariya suka daidaita, kuma har yau tana cewa ita ta ci ribar cinikin. Yadda randar ta isa Tawa cikin kar, wato bas, tafiyar sama da kilomita 500, ba ta fashe ba, wannan sai a tambayi zannuwan da aka naɗe ta da su. Masu jirgi kan ce za su nuna maka dorina, wani lokaci kuma a gani ɗin, kunnuwa biyu da hanci a saman ruwa. Ni dai nakan ce wa mai tuƙi daga nesa ma ya wadatar. Yanzu kafin in ɗauki kowa zuwa wannan hanya sai na tambayi mutanen wurin yadda gari ya kwana, in suka ce a dakata, in dakata.

Wannan ya kawo ni kan Kure, wurin da ya fi ci mini rai. Kilomita 60 ne kacal daga Yamai a hanyar Doso, kuma nan ne raƙuman dawa na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma suka rage. A 1996 an ƙirga su 49 ne kawai. Da aka hana farauta, aka jawo mutanen ƙauyukan cikin aikin tsaronsu, suka hayayyafa har suka haura 600, a 2018 ma aka ɗebi wasu aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Ba a cikin shinge suke ba. Cikin gonakin mutane suke yawo, da damina suna kan tudu, da rani su gangara kwarin Dallol Boso cin ganyen gawo, manoma na ƙorafin suna yi musu ɓarnar wake. Lokacin da na je da yarana, ɗan jagora ya hau saman mota yana nuna hanya da sanda, muna ratsa karan gero, sai ga uwa da ɗanta tsaye bayan wata bukka, wata mata na daka a tsakar gida ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ƙaramar ƴata ta yi tsit, ta riƙe rigata, can ta ce, "Baba, gashin idonta ya fi na Mama." Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe Faransawa shida masu aikin agaji a wurin, tare da direbansu da shugaban ƴan jagora, dukansu biyu ƴan ƙasa. Daga ranar hanyar ta mutu. Gandun dajin W ma, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1996, ba mai hankalin da zai kai iyalinsa yanzu. Ana ta maganar Turawa sun daina zuwa. Abin da ke damuna shi ne lokacin da hanya take lafiya, mu nawa muka je? A littafin baƙin da na sa hannu a ranar, sai da na juya shafi kafin in ga suna irin namu.

In na je gida hutu, abin ya fi sauƙi, don can ba sai na yi wa kowa dabara ba, kifi ke jan su. Tabalak na kan hanyar Agadas, tafiyar awa guda ko ƙasa da haka, babban tafki a ƙasar da ba a san ta da ruwa ba. Mukan tashi da hantsi, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bagaruwa, a sayo soyayyen kifi da yaji a bakin titi, a ɗora shayi, yara na bin tsuntsayen da ke sauka lokacin sanyi. Shekarar da kokowar ƙasa ta zagayo Tawa kuwa ba a maganar zuwa ko'ina. A garin aka fara gasar takobi a 1975, kuma har gobe Ba'adare na ganin tasa ce, aro ya ba sauran jihohi bakwai.

Ƙetare iyaka, wanda ya fi kusa da mu Sakkwato ne, in ma za a kira shi ƙasar waje. Daga Ƙonni ka taka zuwa Illela, ka canza sefa zuwa naira a hannun ƴan canji, ka shiga mota, kafin azahar kana cikin gari. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, har karin maganarsu irin namu ne, "mi kaka so", "ina zaka". Bambancin sai a shingaye, inda wani mai kaki ya riƙe katina yana juya shi gaba da baya wai bai iya Faransanci ba, har sai da direba ya sauko suka gana. Tsofaffinmu ba sa ƙin wannan tafiya, don ziyara ce: Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817. Ka cire takalmi, ka shiga cikin mutanen da suka zo daga ko'ina, mata a ɓangarensu, almajirai a ƙofa. A nan wani mai gadin wurin ya ji mun ce daga Tawa muke, ya ce ai ku ne masu shi. Gaskiya ya faɗa, don a Maratta aka haifi Shehu a 1754, kusa da Galmi, garin albasa, cikin jiharmu. Sau nawa motarmu ke wuce Galmi, a tsaya a sayi albasa, ba wanda ya taɓa cewa a ratse a ga wurin. Matsalar hanyar Sakkwato ita ce ba ka da tabbas: an rufe iyakar a 2019 sai ƙarshen 2020 aka buɗe, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai cikin Maris 2024 aka saki. Sannan dajin da ke tsakani ba na bin sa da yamma.

Kwatano kuwa na kai iyali kafin rikicin iyakar Benin, lokacin kar na tashi Yamai ta bi Doso da Gaya ta haye gadar Malanbil ba tare da an sauke kaya ba. Sama da kilomita 1000 ne, kwana a zaune. Uwargida kasuwar Dantokpa ta kai ta, atamfa take nema, teku kuma ni na matsa. Da muka isa ta tsaya nesa da ruwan riƙe da takalmanta, ta ɗanɗana da yatsa ta tofar, ta ce duk wannan ruwa ba a ko wanki da shi, asara. Yaran kuwa sai da aka yi da gaske aka fito da su. Tun da aka rufe gadar, masu larura a kwalekwale suke haye kogin, ni kuwa ba zan sa yara a wannan don shan iska ba.

Yanzu ina tara kuɗin Damagaram. Nan ne babban birnin ƙasar kafin Faransawa su mai da shi Yamai a 1926, ga fadar sarki, ga unguwar Birni da Zango da gidajensu masu zane. Ɗiyar wani abokin aikina za a aurar a can bayan Babbar Salla, dalili ya samu ke nan, ba mai cewa na fita yawon banza. Na riga na nemi ƙarin kwana biyu a wurin aiki. Kawu ya ji labari ya bugo waya wai in da wuri a motar a sa da shi, yana da wani tsohon bashi da zai bi a kasuwar Dole.