Abin da kafasita ta ɓoye bayan an ɗauke wuta

Na'urar Tesla na haɗa a shagon bayan gidanmu, mai ɗaga ƙarfin wuta har ta riƙa tartsatsi a iska, irin wadda Nikola Tesla ya ƙirƙira a 1891: wayar jan ƙarfe nannaɗe a jikin bututun roba, da tiransifomar na'urar ɗumama abinci da na samo wurin 'yan gwangwan. Ta tashi, ta yi ta feshin tartsatsi.

Ana cikin gwaji aka ɗauke wuta. Na zare fulogi, na ɗan dakata, sannan na ɗauko sandar sauke caji mai dogon mariƙin roba na taɓa bakunan kafasita, wato abin da ke tara cajin wuta a jikin na'urar. Tau! Kamar harbin bindiga. Bakin ƙarfen har ya ɗan narke. Ashe resistar da na sa don ta riƙa zuƙe cajin ta ƙone tun tuni, ba hayaƙi, ba wari, ba wata alama. Unguwa duk duhu, fulogi a ƙasa, amma kafasita cike take. Da yatsana ne a madadin sandar nan, da wani zancen ake yi. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Tiransifomar nan tana ɗaga volt 230 na gida zuwa wajen 2,000, kuma tana iya turo rabin ampiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana), alhali ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na ampiya ya isa ya rikita bugun zuciya. Shi ya sa masu bidiyon da ke taɓa tartsatsi suna dariya suke ba ni haushi. Wutar tartsatsin nan mai saurin kaɗawa ba ta cika sa zafi nan take ba, amma tana ƙona nama can ciki. Ga iskar ozon da ke shaƙe ɗaki, ga hatsari ga mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji.

Kada ka yi aikin nan kai kaɗai. Ko an ɗauke wuta zare fulogi, don ba ta sallama in za ta dawo. Resista kuwa, kada ka ba ta amanar ranka. Sauke cajin da sanda duk lokacin da za ka kai hannu, sannan ka bar waya a haɗe tsakanin bakunan biyu.

Ni dai na mayar wa 'yan gwangwan tiransifomarsu. Da ƙanena ya nemi abin nunawa a makaranta, ƙarama mai batirin volt 9 muka haɗa, ta kunna masa doguwar fitila ba tare da waya ba.