Layi biyu da suka tona asirin Lawan

Har yau idan na tuna babi na 6 sai raina ya sosu.

Labarin da nake sakewa kullum a wani zauren WhatsApp yana buƙatar mugun ya ɓuya a bayan wani suna, wanda idan aka karanta shi daga ƙarshe zuwa farko sunansa na gaskiya zai fito. Ba cakuɗa haruffa ake yi ba, juya su ake yi ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar dabara ce, tun a wani fim ɗin Amurka na 1943 Dracula ya shigo gari da sunan Alucard.

Sai dai sunayenmu ba sa son juyi. Yawancinsu da wasali suke ƙarewa, shi ya sa Musa ke komawa Asum, Binta ta koma Atnib, Shehu kuwa Uhehs, saboda "sh" ta rabe gida biyu. Wace uwa ce za ta raɗa wa ɗanta wannan? Ranar da na gano Lawan na juyewa ya zama Nawal, sunan mace sak, ban yi barci ba don murna. Lawan ɗan'uwan mijin jarumar ne, Nawal kuma ƙawar da ta samu a waya, wadda take zazzage wa cikinta. Na tsara asirin ya tonu a babi na 40.

A babi na 6 jarumar ta ɗauki wayarta, ni kuma na jera saƙonnin da suka shigo: Lawan a sama, Nawal a ƙasansa. Layi biyu kacal. Ban gama sallar isha'i ba wata ta rubuto: "Ku karanta Nawal ta baya." Shi ke nan. Mutanen da suka tashi da zaurance na ɗauka ba za su iya juya haruffa biyar ba, alhali ni da hannuna na ɗora musu sunayen kan juna.

Babi 34 na ci gaba da rubutawa kowa ya san abin da nake ɓoyewa. Nan na ga ramin da na bari: in ban da sunan, babu wani dalili a labarin da zai sa Lawan ya juya sunansa maimakon ya ɗauki wani suna kamar Zainab ya huta. Dole na koma na gina masa girman kan mai so ya yi ɓarna kuma ya bar sa hannu.

Wanda zai gwada, don Allah ya raba sunayen biyu, kada su haɗu a shafi ɗaya, balle a layi. Ido ne ke kama wannan dabara, kunne ba ya kama ta. Ƙanwata da ake karanta wa labarin tana girki ba ta farga ba, sai da jarumar ta furta haruffan ɗaya-ɗaya a babi na 40, ta saki ludayi ta yi salati.